Hydrea maganin cutar kansa ne, me ya kai shi wurin mai sikila?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a Garwa. Ɗan yayata mai shekara 6 yana da sikila, bana sau huɗu ana kwantar da shi. An rubuta masa Hydrea. Da na karanta takardar cikin kwalin sai na ga maganin kansar jini ne, wai yana tsayar da sinadarin ribonukiliyotid reduktas, ƙwayoyin jiki su daina rabuwa. Kakarsa ta ɓoye kwalin, ta ce ba za a ba jikanta guba ba. Ni ma gabana ya faɗi. Mu ba shi ko mu bari?

Amsa: Malama, ku ba shi, amma a hannun likitan da ya rubuta. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Wannan sinadari na reduktas, wanda Peter Reichard ya gano a Suwidin wajen shekarun 1960, shi ke juya tubalan RNA su zama na DNA, kuma ƙwayar jiki ba ta rabuwa sai da su. Hidroksiyuriya, wato abin da ke cikin Hydrea, tana kashe masa ɗan tartsatsin da yake aiki da shi kusa da ƙarfen da ke jikinsa. A mai kansa so ake a tare ƙwayoyi masu yaɗuwa. A mai sikila kuwa ɗan birki ake taka wa ɓargo, sai ya ƙara yin himoglobin ɗin jarirai, HbF, wanda ke hana jajayen ƙwayoyi lanƙwashewa kamar lauje. Kin san ai jariri mai SS lafiyarsa ƙalau a watannin farko, sai HbF ya ja baya ciwo ke farawa.

To, maganar "guba" ce ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta. Uwa ta karɓi magani, wani maƙwabci da ya iya Faransanci ya karanta kalmar kansa, shi ke nan an jefa kwali ƙarƙashin gado. Daga nan sai wurin mai lasifika a kasuwa, wanda ke rantsuwa jiƙonsa na mayar da SS ya koma AA cikin wata uku. Abin da aka gada daga uwa da uba, wace saiwa ce za ta wanke shi? Kwalbarsa ba takarda, ba awo, ba wanda ya san abin da take yi wa ƙoda, amma ita ake yarda da ita saboda ba ta faɗi illarta ba. Bayan wata biyu a dawo mana da yaro fari fat, ana neman jini da tsakar dare, wani ma ɓarin jiki ya shanye. Sannan a ce aikin mayu ne.

Shi kuwa wannan magani an auna shi. A 1995 bincike a Amurka ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi ga manya, aka amince da shi don sikila a 1998. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yara fiye da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna raguwar ciwo, buƙatar ƙarin jini da mace-mace, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi. A Kano ma an gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne ɓargo. Ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 kan kowane kilo a rana, ana bi da gwajin NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, don duba fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini, sun sauka da yawa a dakata. Farce na iya yin duhu, wannan ba komai ba ne. Amfaninsa sai bayan wata uku zuwa shida, kada a yanke ƙauna a mako biyu. Zazzaɓi ya zo, asibiti a ranar.

Ita kuma Hajiya, ki zo da ita ranar gwaji na gaba, ta ji daga bakin likita, ta ga takardar jinin jikanta da idonta.