Me ya sa layi ɗaya kaɗai ke rawa a allon fitiluna?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran rediyo ne a Garwa, ina kuma ba da hayar lasifika a gidajen biki. Na haɗa 'yar ƙaramar kwamfutar nan Arduino Uno da makirfo da allon ƙananan fitilu mai layi 8, don su riƙa tsalle da kiɗa. Layin farko kullum a cike yake, sauran sai ka ce sun yi barci. Allon ne ya lalace?

Amsa: Allonka lafiya lau, ɗan'uwa. Rabon da ka yi ne bai yi daidai ba.

Uno tana ɗanɗana sauti kamar sau 9,600 a daƙiƙa, kuma rabin wannan kaɗai take iya ganewa, wato sautin da bai wuce kaɗawa 4,800 a daƙiƙa ba. In ka tara samfuri 128, wato ɗanɗano 128, ka ba lissafin FFT mai rarraba sauti gwargwadon saurin kaɗawarsa, wanda Cooley da Tukey suka wallafa a 1965, zai fitar maka da gurbi 64, kowanne faɗinsa kaɗawa 75. Na tabbata raba su ka yi takwas-takwas, don ni ma haka na yi a karon farko, na kwana ina zargin mai shagon da ya sayar mini da kaya, bawan Allah bai ji ba bai gani ba.

Da wannan rabo, layin farko ya kwashe komai daga 0 zuwa 600. Nan ganga take, nan kaurin muryar mawaƙi yake. Me ya rage wa sauran? Kunne ninki yake ji, daga 100 zuwa 200 nisansa ɗaya da daga 1,000 zuwa 2,000. To bi kunne, ka raba wa layuka takwas ɗin haka: gurbi na 1, na 2, sai 3 da 4, 5 zuwa 7, 8 zuwa 12, 13 zuwa 21, 22 zuwa 37, na ƙarshe 38 zuwa 63.

Gurbin sifili kuwa jefar da shi, ba kiɗa ba ne, wutar da makirfo ke zaune a kai ce. In ɗaki ya yi shiru amma layin farko bai sauka ba, gunjin wutar gida ne, mai kaɗawa 50. Gajarta wayar makirfo, ka gwada da batir.

Kada ka yi kwaɗayin samfuri 256. Ma'ajiyar Uno 2KB ce, lambobin kaɗai za su cinye ta. In abin ya ishe ka, nemi 'yar na'urar da ake kira MSGEQ7, ita da kanta take raba sauti gida 7. Ka gwada da kalangu kafin ranar biki.