Zauren Hausa: "Ya fi baƙo" ko "ya fi ban mamaki"?

Tambaya: Malam, na ga wata fassara daga Turanci da aka rubuta "labarin yau ya fi na jiya baƙo". Wannan Hausa ce? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: A'a ɗana, Turanci ne aka sa wa babbar riga. Bature in zai fifita abu, siffar yake taɓawa, ya liƙa mata -er a ƙarshe ko ya ajiye more a gabanta. Ta haka strange, wato "mai ban mamaki", ta zama stranger, "wanda ya fi ban mamaki", alhali kuma stranger ɗin ita ce kalmarsu ta mutumin da ba a sani ba, wato baƙo. Mai fassararka ya buɗe ƙamus, ya cafki ma'anar da ya fara gani. Mu kuwa aikatau "fi" ke ɗaukar nauyin, sunan halin ya biyo baya. Audu ya fi Garba tsawo, ba "dogo" ba. Don haka ka ce ya fi na jiya ban mamaki. In ratar 'yar kaɗan ce, ya ɗara shi.

Amma ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu karanta labarai suka maƙale wa "ban mamaki", sai ka ce ita kaɗai muka gada. Al'ajabi, da muka aro daga Larabci, ya fi mamaki nauyi, don shi ke sa mutum ya riƙe baki ya ce ikon Allah. Abin da bai dace da mazauninsa ba banbaraƙwai ne, namiji da suna Hajara. In da ƙyashi ko tsawatarwa a ciki, sabon salo ne, kiran sallah da usur. In kuwa zargi ya shigo, sai a ce abin mamaki, kare da tallan tsire. Kowanne da gurbinsa, amma yaran yanzu sun zuba su a buhu ɗaya.

Tambaya: Yaushe ake cewa "wata sabuwa in ji 'yan caca"? (Wata malama daga Maraɗi)

Amsa: Sa'ad da ba a gama da wata rigima ba, wata ta ɓullo, malama.

Tambaya: To shi "baƙon abu" fa, shi ma kuskure ne?

Amsa: Daidai yake. Ba ka taɓa jin an ce baƙuwar cuta ba?