Zan iya sayar da gidan gado ba da yardar ƙanwata ba?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Kano, takardar shaidar mallaka (C of O) da sunansa take. Ni ne babba. Mun samu mai saye, amma ƙanwata ɗaya ta ƙi. Dillali ya ce in sa hannu kawai, a ba ta kasonta daga baya. Akwai kuma ɗan haya a ciki. Mene ne mafita?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku. Malam, kada ka sa hannun nan. Zamanka babban ɗa bai ba ka ikon sayar da abin da ba naka kai kaɗai ba. Tun ranar da mahaifinku ya cika, gidan ya zama na magada duka, har da mahaifiyarku idan tana raye, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. Ka sayar ba da yardar ƙanwarka ba, tana iya zuwa kotu a rushe cinikin, mai saye kuma kai zai bi da kuɗinsa. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa ya wuce.

Hanya mafi sauƙi ita ce ku zauna da ita, ku ji dalilinta. Sau da yawa farashi ne bai kwanta mata ba, ko ba a nemi shawararta tun farko ba, kuma tana da gaskiya ta ji haushi. In sulhu ya gagara, ku je kotun shari'a ku nemi rabon gado. Alƙali zai sa a yi wa gidan kuɗi. Idan ba ya rabuwa, zai iya ba da umarnin a sayar a raba kuɗin. Kana iya sayar da kasonka kai kaɗai, sai dai ka sani a mazhabar Malikiyya sauran magada suna da haƙƙin shufa'a: su karɓe shi daga hannun baƙon da ya saya a kan kuɗin da ya biya.

Sai batun gwamnati, wanda mutanenmu suka fi yi wa sakaci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya ce ba a sauya mallaka sai da amincewarsa, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Shaidar mai unguwa tana da amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. Ku kai takardar rabon gado KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Kano, lauya ya rubuta yarjejeniyar sauya mallaka, a biya kuɗin hatimi da rajista. A rubuta wanda zai ɗauki kowane kuɗi, da duk aibin da ka san gidan yana da shi.

Kuɗin kuwa ta banki za su bi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar tsabar da ta haura naira miliyan 5 hannu da hannu.

Shi ɗan haya, sayar da gida ba ya kashe yarjejeniyarsa. Ka gaya wa mai saye akwai shi, ka sa a takarda ranar da kuɗinsa za su ƙare, kuma duk wanda zai tashe shi ya ba shi sanarwa a rubuce kamar yadda doka ta tanada.