Amsa ga 'yar'uwar da furun ya ɓata wa romon nama

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce an ba ki furun da busasshen afirkot (wani ƙaramin ɗan itace mai launin lemo) da zabibi, kin zuba furun ɗin a naman rago ya dagargaje, romon ya yi zaƙi har yara suka ƙi ci, sannan da kika yi kek zabibin duk suka taru a ƙasa. Duka biyun sun faru da ni a farkon fara girki da su, shekara goma sha da suka wuce, kuma tushen matsalar ɗaya ne. Don Allah kar ki zubar da sauran, kaya ne masu albarka idan an gane halinsu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, furun busasshen fulam ne (wani ɗan itace mai ƙwallo ɗaya a ciki), baƙi, mai taushi da danƙo. Ana shanya kusan kilo 3 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na busasshe. Ruwan ne ya tafi, sukarin yana nan daram, ya taru wuri ɗaya. Shi ya sa nake cewa busasshen ɗan itace abu biyu ne da shi, ga zaƙi ga ƙishirwa. Duk inda kika jefa shi sai ya zuƙe ruwan wurin, ya kuma saki zaƙinsa a madadi. A tukunyarki ya sha romo na awa biyu har ya fashe, ya juye sukarinsa gaba ɗaya.

Ga yadda nake yi da naman rago. Kilo 1 na nama mai ƙashi, kafaɗa ta fi, furun kamar gram 200, wato guda ashirin ko ƙasa da haka. Ina soya naman sai ya yi ja sosai, in kwashe, in zuba albasa manya biyu a cikin man in bar ta ta yi laushi a ƙaramar wuta. Sai tafarnuwa, citta, kurkum, masoro, sandar kirfa ɗaya da gishiri. In mayar da naman, in zuba ruwa iya rabin tsayinsa, in rufe. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba na waiwayar furun ko kaɗan. Idan naman ya kusa sakin ƙashi, sai in ɗebi ludayi biyu na romon a ƙaramar tukunya, in zuba furun a ciki da garin kirfa kaɗan, su dahu a gefe minti 15. Za ki ga sun kumbura suna sheƙi amma ba su fashe ba. Wajen zubawa a faranti ne suke haɗuwa da naman, a jera su a sama, a barbaɗa soyayyen riɗi da almon. Haka mutanen Maroko suke dahuwarsu ta rago da furun da suke kira tajin, kuma hikimar raba tukunyar ita ce romo ya zauna da gishirinsa, zaƙi ya tsaya a jikin furun. Wanda yake so ya haɗa a lomarsa, wanda ba ya so ya ture gefe. Su suna ƙara zuma a ƙaramar tukunyar, ni kam ba na sawa, zaƙin furun ya ishe ni.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne tsami. Duk girkin gishirin da busasshen ɗan itace ya shiga yana neman wani abu mai tsami da zai ja masa birki. Rabin lemon tsami a matse bayan an sauke, ko cokali ɗaya na binega, ko tumatir kaɗan tun a wajen suya. Mutanen Iran suna da miyar kaza da busasshen fulam, kuma irin mai tsami-tsami suka fi zaɓa, saboda wannan dalilin. Gishirin ma ki ɗan ƙara fiye da yadda kika saba, barkono kuma yana tafiya da furun ƙwarai. Ranar da na fara matsa lemon tsami a kai, wanda ya fi kowa ƙin abincin a gidana shi ya nemi ƙari. Da a ce romonki na ranar yana nan, da gishiri da lemon tsami da ƙarin ruwa kaɗan za su ceto shi.

Afirkot ya fi furun tauri da tsami, ya fi dacewa da kaza, yana jure minti 25 zuwa 30 a tukunya. Za ki ga kala biyu. Mai launin lemo mai haske an turara shi da salfa don kar ya canja launi, mai duhu kuwa ba a saka masa ba, ya fi zaƙi, ɗanɗanonsa kamar ƙonannen sukari. Mai asma ya yi hattara da mai hasken, salfa tana tayar wa wasu. Yawancin wanda ake samu daga Malatya ta ƙasar Turkiyya yake fitowa. Zabibi a shinkafa kuma ki soya shi a bota daƙiƙa talatin, da ya kumbura ki kwashe, ki zuba bayan an turara shinkafar. Idan ya wuce haka ɗaci yake yi.

Sai maganar kek. Zabibi yana nutsewa ne idan kwaɓin ya yi ruwa ko shi kansa ya jiƙe ba a tsane shi ba. Ki jiƙa shi a ruwan shayi mai zafi minti 20, baƙin shayi ba madara ba sukari, ki tace a rariya, ki shimfiɗa a kan tawul mai tsabta ya tsane sosai. Sai ki ɗebi cokali ɗaya daga fulawar da kika riga kika auna ki mulmule shi a ciki, ki zuba a ƙarshen kwaɓi. Idan kika ƙi jiƙawa, zai sha ruwan kek ɗin ne a cikin obin, washegari ki tarar da kek ya bushe yana marmashewa. Waɗanda suka leƙo sama ki danna su ciki da yatsa, don su ne suke ƙonewa. Furun da dabino da ɓaure ki yayyanka su ƙanana da almakashin kicin da aka shafa wa mai, wuƙa manne mata suke yi. Kuma ki rage sukarin kek ɗin da kashi ɗaya cikin huɗu, ba za ki ji an rage komai ba.

Akwai wanda nake so ki gwada, mai sauƙi, na yankin Biritani a Faransa, suna ce masa far. Ƙwai 3, sukari gram 100, fulawa gram 125, madara rabin lita, gishiri ɗan kaɗan. Kwaɓin ruwa-ruwa ne, babu bekin foda. Ki shafe kwanon gashi da bota da yawa, ki jera jiƙaƙƙen furun a ƙasa, ki kwarara kwaɓin a kai, ki gasa a zafin 180 kamar minti 50 har samansa ya yi ja. A nan nutsewar furun ita ake so. Ya fi daɗi idan ya huce, ya kwana a firji ma ya fi. Faransawa suna ji da furun ɗinsu na garin Ajan, daga can ne ma aka kai irin itacen Kalifoniya ta Amurka wajen shekarun 1850, inda yanzu ake noma shi da yawa.

Idan furun ya yi miki yawa, ki niƙa kofi ɗaya da ruwan zafi cokali shida ya zama lilis. Wannan niƙan yana maye rabin botar kek ɗin cakulan, kuma kek ɗin ya fi daɗewa da laushi. A farin kek ban ba ki shawara ba, yana dusashe kalar.

Ko da an rubuta a leda cewa an cire ƙwallo, ki matsa kowane ɗaya da yatsa kafin ki zuba. Na taɓa cin karo da gutsuren ƙwallo a tsakiyar loma, Allah ya tsare haƙorin bai karye ba, tun daga ranar ban sake yarda da rubutun leda ba. Sannan furun yana sakin ciki, saboda harza da wani nau'in sukari da ake kira sobitol da ke cikinsa. Ga mai fama da taurin bayan gida alheri ne, amma yaro ƙarami biyu sun ishe shi, babba huɗu ko biyar. Mai ciwon suga ya lissafa su cikin zaƙin da ya ci a ranar. Wanda ya rage ki zuba a kwalba mai murfi ki sa a firji, zai yi watanni. Idan kin ga fari-fari a jikin ɓaure ko dabino, yawanci sukari ne ya fito, ki murza ki gani, in ya narke a yatsa lafiya lau ne, in kuwa yana da gashi-gashi ko warin tsami sai a zubar.

In kin gwada naman ragon ki dawo ki faɗa mana yadda yaran suka karɓe shi.