Amsa: RAV4 mai dizal ko mai fetur?

Malam, ka ce a Gombe kake aiki, iyali na Bauchi, kana son RAV4 ko CR-V amma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin mai dizal da mai fetur. Ni dai shawarata, ɗauki mai fetur.

Gaskiya ne injin dizal ba ya shan mai sosai, ga ƙarfin ja idan an yi lodi, a doguwar hanya kamar ta Alkaleri za ka ji daɗinsa. Amma man gas, wato dizal, ya fi fetur tsada a gidajen mai, ko bayan cire tallafi a 2023, sai ribar ta ragu.

Babbar matsalar gyara ce. Masu dizal ɗin nan galibi daga Turai ake shigo da su, nozul ɗinsu, wato abin da ke fesa mai a cikin injin, ba ya jure gurɓataccen mai ko kaɗan. Akwai kuma matatar hayaƙi a salansa, wadda sai mota ta yi doguwar tafiya da zafi take ƙone tokar da ta tara. In zirga-zirgarka daga gida zuwa ofis ce, toshewa za ta yi. Na ga maƙwabcina ya ajiye tasa kusan wata biyu, ana neman kaya har Ƙofar Ruwa a Kano, abin ya ba ni tausayi wallahi.

Mai fetur kuwa kowane makanike ya san ta, in za ka sayar ba ta kwantai. Kafin ka biya, sa a yi amfani da na'ura a duba giyar motar.