Tallafin WIC a Amurka: Maigida Ya Ce Bara Ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Muna zaune a Amurka. Ina da yaro ɗan shekara biyu, ga cikin wata biyar. Maigida direban tasi ne, kuɗin haya ke lashe rabin abin da yake samu. Maƙwabciyata ta ce in yi rajistar WIC, shirin tallafin abinci na gwamnati, shi kuwa ya ce bara ce, kuma tunda yana aiki ba za a ba mu ba. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raba lafiya. Ki je ki yi rajistar nan a makon nan, kada ki jira sai kin haihu.

Na fahimci maigidanki, mutuncin gidansa yake karewa. Ki samu lokacin da ya huta ki yi masa bayani cikin ladabi. WIC shiri ne na Ma'aikatar Noma ta Amurka, majalisa ta amince da shi a 1972, aka buɗe cibiyar farko a jihar Kentucky a 1974. Da kuɗin haraji ake tafiyar da shi, har da wanda shi maigidan ke biya. Don masu ciki aka yi shi, da masu jego, da jarirai, da yaran da ba su cika shekara 5 ba.

Zancen aiki kuwa, nan ya yi kuskure. Abin da ake dubawa shi ne kada kuɗin shigar gida ya wuce kashi 185 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa duk shekara, wato kusan ninki biyu. Kuma ana lissafawa da abin da ke cikinki, don haka ku huɗu ne a takarda. In kina kan Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) ko SNAP (wani tallafin sayen abinci na gwamnati), kin riga kin cika sharaɗin kuɗin shiga.

Na taɓa raka wata ƙawata, tana ta ɗari-ɗari a hanya. Aka auna tsayin 'yarta da nauyinta, aka ɗan soki yatsar uwar aka ɗauki ɗigon jini. Nan aka gano tana da ƙarancin jini, ita kuma da ma ta ɗauka gajiyar aikin gida ce ke sa ta jiri. Wannan gwajin ne ya sa nake matsa miki. Mai ciki na bukatar sinadarin ƙarfe fiye da sauran lokuta, kuma jaririn daga jikinki yake ɗiba, ko kin ci kin ƙoshi ko ba ki ci ba.

Za a ba ki kati irin na banki, a riƙa zuba miki kason kowane wata: madara, ƙwai, cuku, wake, hatsin karin kumallo mai ƙarin sinadarin ƙarfe, kayan lambu da 'ya'yan itace. Yaronki ma yana da nasa kason. Bayan haihuwa, mai shayarwa tana cikin shirin har jariri ya shekara, kuma mai ba da nonon uwa zalla ta fi samun abinci. Wadda ba ta shayarwa wata 6 ne nata, ana kuma ba jaririn madarar gwangwani.

Abu biyu ki kiyaye. Katin yana biyan kayan da jiharku ta amince da su ne kawai, don haka ki duba jerin kafin ki isa wurin biya. Sannan abin da ba ki saya ba a watan ba ya tsallakawa wata na gaba.

Ki kira ofishin WIC mafi kusa ki nemi rana. Ki tafi da yaron, da katin shaida, da takarda mai adireshinku, da shaidar kuɗin shigar maigida ko katin Medicaid. In Turanci na ba ki wahala, ki ce a nemo miki tafinta. In da hali, ki roƙi maigidan ya raka ki, ya ga wurin da idonsa.