Ka Tambaye Ni Ko Ka Karɓi Aikin Koyarwar

Yarona, na ji batunka. Ka ce wata cibiyar kwamfuta a nan Birnin Kebbi ta neme ka ka riƙa koyar da zane, amma kana jin tsoro, tunda yanzu yaro da wayarsa yana haɗa fosta da Canva ko PixelLab kafin shayi ya huce, ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Me ya rage da za ka koyar? Ni dai na ce ka karɓa. Sai dai in CorelDRAW kaɗai za ka je koya musu, inda ake dannawa da inda ake ja, to tsoronka yana kan hanya, don manhaja kullum sauyawa take yi. Abin da manhaja ba ta ba su shi ne sanin wanda zai karanta aikin, kuma a nan nake so ka tsaya.

Ɗauki katin ɗaurin aure. Ango ya zo ya ce yana son ruwan gwal a kan fari, da haruffan nan masu lanƙwasa. A fuskar kwamfuta kyau kamar me. To amma hannun wa katin zai shiga? Dattijo ne mai yanar ido, zaune a zaure bayan magariba. Zai miƙe hannu da katin, ya dawo da shi dab da hanci, ya juya shi wajen fitila, a ƙarshe ya kira jikansa ya ce duba mini ranar. An biya mu kuɗin aiki, amma saƙo bai isa ba. Wannan ba ra'ayina ba ne kawai, akwai ma'auni. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, in manyan haruffa ne 3 bisa 1. Don shafukan intanet aka tsara su, amma ido ɗaya ne. Akwai na'urorin auna wannan kyauta a intanet. Idan ba data, ɗalibanka su buga aikin da baƙi da fari kawai, duk abin da ya ɓace sai an gyara. Wannan gwajin yana kama matsalar ja da kore ma, don akwai mutane, galibinsu maza, da ba su rarrabe launukan biyu sosai. Kada launi shi kaɗai ya ɗauki ma'ana, a haɗa da kalma ko alama.

Allon bakin titi kuwa, ka tuna mai karanta shi yana bisa kabu-kabu ne a hanyar Jega, ga rana ga ƙura. Layi biyu ko uku ya isa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne makafi, don an ɗauka zane ba ruwansu da shi. Alhali da yawansu suna riƙe da waya, TalkBack tana karanta musu a Android, VoiceOver a iPhone, a kwamfuta kuma NVDA, wadda kyauta ce. Waɗannan manhajoji rubutu suke karantawa. In ka zuba sanarwar rigakafi ko ta ɗaukar aiki a cikin hoto ka tura WhatsApp, sau da yawa abin da mutum zai ji shi ne akwai hoto, shi ke nan. Ka koya musu su sake rubuta rana da wuri da lokaci a ƙarƙashin hoton, a Facebook kuma su cike gurbin bayanin hoto. Sannan ka san al'adarmu ta mayar da rubutu zane kafin mu kai wa injin bugawa, don kada haruffa su canza. Fayil ɗin nan na inji ne kawai, don rubutun da ya zama zane waɗannan manhajoji ba su karanta shi. Wanda za a raba wa jama'a a bar rubutunsa rubutu. Fayil biyu ke nan ga kowane aiki, kuma ka dage a kan haka ko da sun yi ƙorafi.

Haruffanmu masu ƙugiya ma haka. Salon haruffan kwamfuta da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su, kyauta ne kuma.

Wani zai ce maka mutum nawa ne masu buƙatar duk wannan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da nakasa mai tasiri a rayuwarsu. A Najeriya kuma an sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a watan Janairun 2019. Ni abin da ya fi taɓa ni ma shi ne duk wanda Allah ya ja kwanansa, idonsa zai yi rauni, har da mu masu zanen.

Batun abinci kuma, ba zan ɓoye maka ba, kuɗin koyarwa a irin waɗannan cibiyoyi ba shi riƙe gida. Kada ka saki shago. Malamin da ya daina karɓar aikin kwastoma, cikin ɗan lokaci abin da yake koyarwa sai ya tsufa. In kana son ka yi nisa har ka koyar a kwaleji, sai ka haɗa da takarda. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru nan kusa, ka je ka bincika kwasa-kwasan da suka yi kusa da aikinmu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da ɓangaren zane da ya daɗe yana yaye mutane.

Ranar farko kada ka bari su kunna kwamfuta. Kwashi tsofaffin katuna da fostocin da ke cikin akwatin nan na bayan shago, ka manna a bango, ka sa su koma ƙarshen aji su karanta da ƙarfi. Wanda ya gagara karantuwa, su faɗi dalili, kowa kuma ya ɗauki ɗaya ya sake shi a mako na gaba. Ka kawo mini na farkon da suka gyara in gani.